Idan an rushe hukumar gyaran dokoki, wa ke gadon aikin da ba ta gama ba?

Akwai wata jimla da kunnuwanmu suka saba da ita a labaran rediyo, musamman tun daga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Mai karanta sanarwa zai ce an rushe hukuma kaza, an kafa wata a madadinta, ma'aikatanta da kayanta da ayyukanta sun koma ƙarƙashin sabuwar, daga nan ya wuce labari na gaba. A fadar da nake zama bayan isha'i nan Maraɗi, abin da ake fara tambaya shi ne makomar mutane. Wane da ke aiki can, an sallame shi ne ko an kai shi wani wuri? Albashinsa zai ci gaba? Tambaya ce mai kyau, don bayan kowane ma'aikaci akwai gida guda da ke jiran cefane. Amma akwai wata da ba a cika yi ba, kuma ta fi damuna: aikin da hukumar ta ɗauko ba ta kai ƙarshensa ba, hannun wa ya faɗa? A cikin ayyukan gwamnati kaf, babu wanda sauyin gida ke yi wa illa kamar gyaran dokoki.

Da yawa cikinmu na ɗauka majalisa ce kaɗai ke yin doka. Majalisa tana ƙuri'a, shugaban ƙasa ya sa hannu, amma kafin takarda ta iso gabansu sai wasu sun zauna sun karance tsofaffin dokoki, sun gano wadda zamani ya wuce, wadda ke karo da ƴar'uwarta, da wadda alƙalai ke fassarawa iri biyu. Sannan su fita su ji ta bakin waɗanda abin ya shafa, su dawo su rubuta daftari. Aiki ne na shekaru, ba a yi masa bikin buɗewa, ba a nuna shi a talabijin. Ƙasarmu kuwa tana da buƙatarsa ainun. Kod Sibil, kundin dokokin mu'amala tsakanin jama'a da kotunanmu ke aiki da shi, asalinsa na Faransa ne na 1804, gadon mulkin mallaka, kuma a cikinsa ne aka rubuta shekara 15 ga yarinya da 18 ga namiji a matsayin shekarun aure. Kundin laifuffuka na 1961 sai da ya shekara 42 kafin a shigar da bautar da ɗan'adam cikinsa a matsayin laifi, a 2003.

Ga kuma al'ada. Tun dokar tsarin kotuna ta 1962, wadda aka sabunta a 2004 da 2018, an yarda cewa a sha'anin aure, saki, gado, wasiyya da gonar da ba ta da rajista, alƙali zai yi hukunci da al'adar masu shari'ar, yana zaune da mutum biyu masana al'ada da ke ba shi shawara. A yankinmu abin da ake kira al'ada wajen rabon gado yawanci fiƙihun Malikiyya ne da ya gauraya da abin da aka tarar wurin kakanni, kuma yadda ake yi a Tasawa ba lallai ya zama haka ake yi a Dakoro ba. Dokar 2004 ta ƙara sharaɗin cewa al'adar ba za ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da Nijar ta amince da su ba. To ka dubi matar da mijinta ya rasu ya bar gona, ƙannensa suka ce mace ba ta gadon ƙasa. Addini ya ba ta tumuninta, dangin miji sun ce al'ada ta hana, takardar da ke gaban alƙali kuma da Faransanci aka rubuta ta. Wanda zai zauna ya daidaita waɗannan, yadda hukunci a Mayahi zai yi kama da hukunci a Gidan Rumji, shi ne mai gyaran doka.

Ƙasashe sun rabu wajen ba wannan aiki masauki. Ingila ta kafa masa hukuma mai zaman kanta a 1965, da babban alƙali a kujerar shugabanci, tana nazari tana buga rahotonta kowa ya karanta. Maƙwabtanmu na Najeriya sun bi wannan sahu a 1979. Mu da muka gaji tsarin Faransa, aikin yana cikin ma'aikatu: ma'aikatar shari'a ko wadda abin ya shafa ta shirya daftari, babbar sakatariyar gwamnati ta tace shi, majalisar ministoci ta amince. In lamarin ya yi girma sai a kafa kwamiti na musamman, ya yi zamansa, ya miƙa rahoto, ya watse. Ita kanta Faransa sai da ta ga dacewar kafa hukuma ta dindindin mai tattara dokoki a 1989.

Labarin Kanada ya fi kowanne koyarwa. Ta kafa hukumar gyaran dokoki a 1971, ta rufe ta a 1992 da sunan tsimin kuɗi, aka bar aikin a hannun ma'aikatar shari'a. Ba a jima ba aka ga gurbin, aka kafa sabuwa a 1997. A 2006 wata gwamnati ta yanke mata kuɗi, ta kulle ƙofa tana tsakiyar nazarin yadda dokokin gargajiya na ƴan asalin ƙasar za su zauna tare da dokar gwamnati, wato kusan irin matsalarmu ta al'ada da kotu. Sai a 2023 ta sake buɗewa, bayan shekara 17. Ƙasa ce mai kuɗi, mai jami'o'i da lauyoyi birjik, ma'aikatar shari'arta ba ta rasa ƙwararru ba. Duk da haka sau biyu tana rushe hukumar, sau biyu tana dawowa ta gina ta. Da a ce aikin yana bin ma'aikata ya zauna lafiya a sabon gida, da ba a sha wahalar dawowa ba.

Ba na cikin masu cewa duk hukumar da aka rushe an yi ɓarna. Mun ga hukumomin da ba su da aiki sai cin kuɗin hayar gida, man mota da kuɗin zama, a ƙasar da asibitin ƙauye ke rasa magani. Akwai kuma hujja mai ƙarfi da masu son a mayar da aikin ma'aikata ke kawowa: hukuma mai zaman kanta ba ta da kujera a majalisar ministoci, don haka rahotonta na iya shekara goma a kanta yana shan ƙura, ba mai ɗaukarsa ya kare shi. Daftarin da minista ya shirya da kansa kuwa nasa ne, zai tsaya masa. Na yarda da wannan. Inda muke rabuwa shi ne a kan abin da ke ƙetarawa da gaske ranar da aka ce an mayar da ma'aikata da ayyuka.

Mu fara da ma'aikatan. Masu lambar aikin gwamnati da aka aro daga ma'aikatu ba su da fargaba, gida za su koma, a tura su duk inda akwai gurbi. Alƙalin da ya shekara shida yana bin diddigin shari'o'in gado sai ka ji an kai shi wata kotu yana sauraron ƙarar satar babur. Albashinsa bai tsaya ba, matsayinsa bai ragu ba, a takarda ba a yi asarar kowa ba. Amma shekara shidan nan sun tafi da shi, kuma wanda aka ɗora wa dosiyen a ma'aikata daga shafin farko zai fara. Ƴan kwantaragi kuwa, kowa a Nijar ya san halin da suke shiga in iska ta kaɗa, su ake fara zubarwa. Sau da yawa kuma su ne suka san inda kowace takarda take, su ne suka shigar da bayanai a kwamfuta, su ne suka yi tafinta a ƙauyuka.

Akwai kashi na uku da sanarwa ba ta ma lissafa su, don ba ma'aikata ba ne. Malamin jami'a da ake kira ya duba daftari, lauyan da ke zuwa zama, wakilin sarki, shugaban ƙungiyar makiyaya, malamin addini. Waɗannan ba a mayar da su ko'ina, dainawa kawai ake yi da kiransu. Alhali abin da ya fi komai tsada a wannan aiki yana hannunsu, wato yarda. Limamin da ya amince ya zauna teburi ɗaya da ƙungiyar mata a tattauna sha'anin saki, ya amince ne don ya san mutanen da suka gayyace shi, ya gwada su shekara da shekaru bai ga sun juya masa magana ba. Ranar da baƙuwar fuska ta aiko masa da takardar gayyata daga Yamai, zai ce a ba shi lokaci ya yi shawara, kuma yana da gaskiya.

Batun ayyuka ya fi wannan ruɗarwa. Ana iya kwafe jerin ayyukan tsohuwar hukuma kalma da kalma a liƙa wa wani sashe na ma'aikata, amma yanayin da ake yin aikin ba ya kwafuwa. Darakta a ma'aikata ba shi ke zaɓar abin da zai sa a gaba ba. Yau minista na son jawabi, gobe ana son daftarin gaggawa kafin zaman majalisar ministoci, jibi baƙi sun zo daga waje. Nazarin dokar gado da ke buƙatar shekara uku a natse kullum shi ake ɗagawa, don babu ranar da aka ce lallai a gama shi. In an canza minista kuma, sabon ya zo da nasa abin da ya dame shi. Sannan daftarin ma'aikata sirri ne har sai gwamnati ta ga damar fitar da shi. Hukumar da ke da ikon buga abin da ta gano, ko gwamnati ba ta so, tana bar wa ƙasa wani abu: lauya zai iya kafa hujja da rahoton, ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo zai iya karanta shi, gwamnati ta gaba za ta iya ɗauko shi. In wannan iko bai ƙetara ba, sunan aikin ne kawai ya ƙaura.

Ba sai mun je Kanada ba ma, muna da misali biyu a gida, ɗaya kuma a garin nan aka aza harsashinsa. A watan Mayun 1984, zamanin Seyni Kunce, aka yi babban taron ƙasa kan gurgusowar hamada a Maraɗi, tsakanin na Damagaram kan noma a 1982 da na Tawa kan kiwo a 1985. Daga waɗannan taruka aka fahimci cewa ba za a gyara noma da kiwo ba sai an san wa ke da wace ƙasa. A 1986 aka kafa kwamitin shirya Kod Rural, wato kundin dokokin filayen karkara, a 1989 ya zama kwamitin ƙasa, da sakatariya ta dindindin. Kunce ya rasu, Ali Shaibu ya hau, aka yi Taron Ƙasa na 1991, aka shiga riƙon ƙwarya, aikin bai tsaya ba. Ana cikin Taron Ƙasar ne, a watan Oktoban 1991, aka yi kisan Toda a nan jiharmu, inda sama da mutum 100 suka hallaka a rikicin manoma da makiyaya, yawancinsu mata da yara. Duk wanda ya girma a nan ya san abin da sunan garin ke tunasarwa. Ranar 2 ga Maris 1993 aka sa hannu kan doka mai lamba 93-015. Daga cikinta hukumomin filaye da muke kira Kofo suka fito, masu ba da takardar saye, kyauta, aro, jingina da shaidar gado, masu shata burtali da mashaya. Dokar kiwo ma, da aka yi shekaru ana tattaunawa a kanta zamanin farar hula, gwamnatin soja ta Salu Jibo ce ta sa mata hannu a watan Mayun 2010. Kod Rural bai kawo ƙarshen rikici ba, har yanzu kowace kaka sai an yi zaman ɗarɗar kafin ranar sakin gonaki, kuma akwai ƙauyukan da Kofo ba ta kai ba. Amma aikin ya ratsa gwamnatoci iri-iri bai mutu ba, saboda yana da gida guda da mutanen da ke riƙe da zarensa.

Dokar iyali ba ta yi wannan sa'a ba. Tun shekarun 1970 ake maganarta. A farkon shekarun 1990 an kai ga daftari, ƙungiyoyin addinin Musulunci suka ƙi shi, aka ajiye. A 2011 aka sake gwadawa da wani suna, aka sake janyewa. Ba na cewa rashin ofishi ne kaɗai ya kayar da ita. Saɓanin na gaske ne, ya taɓa aƙida, kuma wasu daga cikin ƙorafin malamai, musamman na cewa ba a tuntuɓe su tun farko ba, suna da tushe. Abin da nake gani shi ne kowane yunƙuri ya zo kamar baƙo, da sabon kwamiti da sabbin fuskoki, ba tare da wani gida da ke ajiye abin da aka riga aka daidaita a kai ba. Alhali akwai wuraren da malami da ƴar gwagwarmaya ba su da saɓani: a rubuta aure, a rubuta saki, a tabbatar da ciyar da yara, a ba mace gadon da Alƙur'ani ya ba ta. Da akwai mai riƙe da waɗannan tun 1994, yana ɗora bulo kan bulo, da matar da na ambata ɗazu ba ta tsaya gaban alƙali hannu wofi ba.

Kotunanmu na sama ma sun sha wannan sauyi. Bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010 aka maye Kotun Ƙoli da Kotun Ƙasa. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamban 2010 ya rarraba aikin, aka samu kotun ƙarshe ta ɗaukaka ƙara daban, da Konsai Deta mai shari'a tsakanin ɗan ƙasa da hukuma, wadda kuma ke ba gwamnati shawara kan daftarin dokoki. A 2023 aka sake haɗe su a Kotun Ƙasa. Sai dai dosiyen shari'a yana da mai shi. Alhajin da aka riƙe wa kaya a hanyar Ɗan Isa zai bi ƙararsa ko sau nawa aka canza allon da ke ƙofar kotu, lauyansa zai yi ta zirga-zirga har a nemo takardun. Dosiyen gyaran doka maraya ne. Masu amfana da shi miliyoyi ne, amma ba ɗaya daga cikinsu da ya san akwai shi, balle ya zo ya tambaya.

Shi ya sa nake ganin duk dokar da za ta rushe irin wannan hukuma bai kamata ta tsaya a jimla guda ba. Ta faɗi sunan sashen da ya gaji aikin, ba ma'aikata a dunƙule ba. Ta tilasta a rubuta jerin ayyukan da ke hannu, kowanne da inda ya tsaya, a buga a jaridar gwamnati, yadda in an yanke shawarar barin wani, a bar shi a fili da dalili. A bar ƙwararrun a dunƙule ko da na shekara biyu ne kafin a warwatsa su, a biya ƴan kwantaragi haƙƙinsu, a kuma faɗa ko sabon gidan yana da ikon buga rahoto. Lokacin yin haka kuwa yanzu ne, don wani babban aiki ya riga ya sauka. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. In da gaske ake, wata rana sai an zauna an mayar da dokokin nan Hausa, an daidaita kalmomi, yadda abin da alƙali ke nufi da jingina zai zama shi manomi ke nufi. Wannan ba aikin kwamitin wata uku ba ne, kuma ba zai jure a riƙa yi masa ƙaura duk shekara biyu ba.

Na bar maganar takardu a ƙarshe don ita na gani da idona. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Gwaggona tana da gona da ta gada wurin kakanmu a wani ƙauye yamma da Maraɗi, kuma shekarun baya mun sa an yi mata takardar shaida a Kofo. Daminar 2024, da ruwa ya yi ɓarna a jihar nan, ɗakinta ya faɗi, takardar ta narke a cikin akwati. Da rani wani maƙwabcin gona ya fara matso da iyaka, sai na ɗauke ta a babur muka tafi neman kwafi. Waɗanda muka tarar sun karɓe mu da mutunci, sun kawo mata kujera da ruwa, amma ba wanda ya san inda rajistar shekarar take. Wanda ya rubuta ta an kai shi wani gari, an kwashe kabad-kabad zuwa wani ɗakin ajiya, kuma ranar miƙa aiki an ƙirga tebura da babura da kwamfuta, ba a ƙirga littattafai ba. Sau uku muna zuwa. A na ukun wani tsohon mai gadi ya ba ni lambar tsohon magatakardan, na kira shi, ko minti ɗaya bai yi ba ya ce littafi ne mai koren bango, yana ƙasan kabad na biyu bayan ƙofa. Nan muka same shi, sunan Gwaggo da iyakokinta huɗu da sa hannun mai gari duk suna ciki.

A hanyar dawowa ta daɗe ba ta ce komai ba. Sai da muka kusa gida ta taɓa kafaɗata ta ce, "Ɗan nan, to da mutumen ga ya rasu fa? Mi za mu yi?" Na ce, "Gwaggo, Allah ya kyauta." Washegari na je na yi kwafi uku, ɗaya na wurinta cikin leda, ɗaya wurin mai gari, ɗaya a gidana. Littafin mai koren bango kuwa an mayar da shi ƙasan kabad ɗin, tare da sunayen sauran masu gonakin da ke cikinsa.